Kaset ɗin Bikin da Hajiya Ta Nema

Hajiya, kakarmu ta wajen uwa, ba ta samu zuwa bikin jikarta, takwararta, ba. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita tun kafin azumi, kuma zaman mota daga Gumel zuwa Kano ya fi ƙarfinta. Daren da aka kai amarya na kira ta na yi mata Allah ya sanya alheri. Ta daɗe tana sa albarka, sannan ta ce, “Maigida, in za ka zo ka taho mini da kaset ɗin bikin. Ina so in ga wanda ya zo da wanda bai zo ba.” A bakin Hajiya duk abin da ake saka wa na'ura a ga hoto sunansa kaset, ko da faifai ne. Na amsa mata da to, a raina ina ganin aikin rabin sa'a ne. Sai da ya ci mako biyar da tafiya uku kafin ta ga jikarta cikin kayan amarci.

Na zauna rubuta yadda aka yi ne saboda na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Matasa na yawo da bukukuwa da sunaye da saukar karatu a cikin waya, tsofaffin da suka fi kowa son gani kuma suna zaune da na'urorin da aka saya musu shekaru goma sha da suka wuce.

A ɗakin Hajiya akwai talabijin mai ƙeya, inci 21, a kan wani ɗan teburi kusa da gadonta, an lulluɓe shi da kyalle mai saƙa. A ƙarƙashinsa na'urar DVD ce siririya, mai launin azurfa, wadda Kawu ya saya mata bayan ta dawo daga Makka. Da ita take kallon faifan tafsiri da na aikin Hajji. Waya uku ce ta haɗa su: rawaya ta hoto, fara da ja na murya. Wani zai ce ai sai a miƙa mata wayar hannu ta kalla. An gwada. Idonta ba ya rarrabe fuska a ƙaramin gilashi, hannunta na gajiya, kuma ita ba kallon kaɗaici take so ba. So take maƙwabta su shigo, a shimfiɗa tabarma, tana nuna musu wannan 'yar wance ce, wancan ɗan wane ne.

Abin da ke hannunmu kuwa kashi biyu ne. Mai ɗaukar bidiyon biki ya ba mu filas ɗauke da aikinsa, awa uku da minti goma, a yanke gida uku, duka kusan gigabayit 11. Sai kuma guntaye sama da ashirin da ƙawayen amarya suka ɗauka da wayoyinsu a wajen kamu da kai amarya, inda namiji mai kyamara bai shiga ba. Yawancinsu ta WhatsApp suka iso, wasu a tsaye aka ɗauke su, wasu a kwance.

Tafiyar farko

Na sayi faifai fanko guda uku, na aro abin buga faifai na waje mai maƙalawa a kwamfuta, tunda kwamfutocin hannu na yanzu ba sa zuwa da ƙofar faifai. Na jawo kowane yanki na jefa a faifai ɗaya, na buga. Na gwada a kwamfutata, hoto ya fito tar. Ranar Asabar na kama hanya.

Kafin la'asar ɗakin ya cika da mata. Na saka faifan farko, na'ura ta yi ta juya shi, ana jin ƙararsa, sai ta nuna shuɗin allo babu komai a kai. Na biyu haka, na uku haka. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce wa baƙinta, “Ku yi haƙuri, wata ran a gani.” Wata tsohuwa ta naɗe tabarmarta tana cewa babu komai. Ni dai wannan haƙurin nasu ya fi faɗa ciwo a wajena, domin na san tun safe ta aika yara gida-gida.

Kuskuren da na yi shi ne na ɗauka faifai shi ne DVD. Ashe faifan mazubi ne kawai. Abin da na'ura ke nema shi ne wani tsari na musamman da aka tsayar tun lokacin da DVD ya fara fita kasuwa a Japan a ƙarshen 1996. Dole hoton ya kasance a matse da tsarin da ake kira MPEG-2, a zuba shi cikin jaka mai suna VIDEO_TS, inda za a ga fayiloli iri uku: VOB masu ɗauke da hoto da murya, kowanne bai wuce gigabayit ɗaya ba, IFO masu gaya wa na'ura inda za ta fara da inda za ta bi, sai BUP waɗanda kwafin IFO ne saboda tsaro. Ni kuwa fayil ɗin MP4 na zuba mata, wanda hotonsa a matse yake da H.264, tsarin da sai a 2003 aka kammala shi, kuma ƙananan na'urorin DVD na gida ba a koya musu shi ba. Tamkar ka miƙa wa wanda ajami ya iya takardar boko ne. Takardar lafiyarta ƙalau, mai karatun ma lafiyarsa ƙalau. Kwamfuta ta karanta ne don ita manhajarta ta san kowane irin rubutu.

Faifan shago

Da na dawo Kano sai na ce bari in kai wa masu sana'a. A da, in ana maganar kaset da faifai a Kano, Ƙofar Wambai ake nufa, dillalai na ɗiba zuwa garuruwa har ƙetaren iyaka. Yau harkar ta koma ta turawa a waya da memori, masu buga faifai sun yi ƙaranci. Na samu wani matashi a wani shago da ya ce yana yi. Ya tambaye ni, “Malam, faifai nawa kake so?” Na ce in zai shiga ɗaya ai ya fi sauƙi ga tsohuwa. Ya ce zai shiga. Washegari na karɓa. Bai tambaye ni wace na'ura za a saka wa ba, ni ma ban gaya masa ba, don haka ba na ɗora masa laifin shi kaɗai.

Wannan karon ban bari an tara kowa ba. Daga ni sai ita. Faifai ya tashi, murya ta fito, muka ji sanƙira yana shela a wajen ɗaurin aure. Amma hoton fari da baƙi ne. Mutane duk sun yi tsawo sun rame, fuskoki sun zama kamar an matse su a ƙofa. Da aka zo wajen rawa da liƙi kuwa, sai hoton ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai, ba ka gane amarya daga ƙawarta. Hajiya ta matso da fuskarta kusa da gilashin ta ce, “Wannan uwarku ce?” Uwarmu ce, amma ni ma da ƙyar na gane ta.

Ciwo uku ne a faifai ɗaya, kowanne da sanadinsa.

Rashin launi daga rikicin PAL da NTSC ya fito. Tun zamanin talabijin na da duniya ta rabu: Amurka da Japan suna kan NTSC, hoto kusan 30 a daƙiƙa, Najeriya da Ingila da Jamus suna kan PAL, hoto 25 a daƙiƙa. DVD ya gaji wannan rabuwar. Faifan PAL ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, na NTSC kuma 720 da 480. Yadda kowanne ke aika launi ta wayar nan rawaya ya bambanta, shi ya sa tsohon talabijin da PAL kaɗai ya sani yake nuna surar mutane ya bar launinsu. Manhajoji da yawa na buga faifai a kan NTSC suke zuwa, in ba ka canza da hannunka ba haka za su tafi. Wani abokina ya ce wataƙila matsalar shiyya ce, tunda an raba duniya shiyya shida a harkar DVD, Najeriya tana ta biyar. Ba ita ba ce. Wannan kulle na faifan kamfanonin fim ne, faifan da ka buga a gida babu shi.

Tsawon fuska kuma saboda kyamara ta ɗauki hoto mai faɗi ne, irin na talabijin ɗin bango, goma sha shida a kwance tara a tsaye. Gilashin Hajiya huɗu ne da uku, ya kusa zama murabba'i. An cusa mai faɗin a cikin matsattsen ba tare da an sa alamar da za ta gaya wa na'ura ta gyara ba.

Farfashewar hoton ita ce ta fi ci mini rai, domin ni na jawo ta da bakina. Faifai mai shimfiɗa ɗaya gigabayit 4.7 yake ɗauka, kwamfuta ma 4.38 za ta nuna maka saboda lissafinta daban ne. Iyakar abin da tsarin DVD ya yarda a ba hoto shi ne megabit 9.8 a daƙiƙa, wato yawan bayanan da ake ware wa hoto a kowace daƙiƙa, kuma a wannan ƙimar kusan awa ɗaya kawai faifai yake ɗauka. Awa biyu na shiga da kyau daidai gwargwado, a kusan megabit 5. Awa uku da minti goma kuwa, in ka raba, abin da zai rage wa hoto kusan megabit 3 ne. MPEG-2 ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye ɗaya, sannan ya riƙa rubuta abin da ya sauya a na gaba. Liman a zaune yana addu'a, bango a bayansa ba ya motsi, wannan ba ya cin wuri. Amma mata talatin cikin leshi mai walƙiya suna juyi, kuɗi na zuba, fitila na ƙyaftawa, mai kyamara na yawo, komai sauyawa yake a lokaci guda. Da abin da aka ware bai isa ba, sai na'ura ta shafe ƙananan bayanai ta bar dunƙule-dunƙule. Bikin Hausawa kuwa, in ka cire ɗaurin aure, kusan duk irin wannan hoton ne.

A rumfar mai gyara

Washegari da safe na ɗauki na'urar na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Da a ce da shi na fara, da na huta da tafiya ɗaya. Na gaishe shi na zayyana masa komai. Bai taɓa faifan ba tukuna. Ya jawo na'urar ya goge gabanta da gefen rigarsa, ya nuna mini ƙananan tambura da ke jere a jikin ƙofar: DVD Video, VCD, MP3. Ya juya bayanta, babu ramin filas, babu na HDMI, wayar haɗa talabijin na zamani. Ya ce, “Ɗana, ka ga abin da take ci ke nan. Kafin ka dafa, ka fara tambayar mai ci.”

Ya kunce ƙusoshi huɗu ya ɗaga murfin. Ƙurar hunturu ta yi shimfiɗa a ciki kamar an barbaɗa gari. Ya nuna mini idon na'urar, ɗan gilashi da bai wuce ƙwayar dawa ba, yana zaune a kan wasu siraran wayoyi da ke barinsa ya yi lilo. Ya ɗiga sifirit a tsinken auduga, ya shafa shi sau biyu a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli, ya bar shi ya bushe. Na ce, “Baba, in ido ya yi rauni, me ya sa take karanta faifan tafsirinta ba gardama?” Ya ce faifan da aka buga a masana'anta ya fi maido da haske, na gida kuwa rini ne a cikinsa wanda wutar kwamfuta ke ƙonawa, haskensa bai kai ba. Don haka ido mai rauni na gida yake fara ƙi. Ya ce in nemi wanda aka rubuta DVD-R a jikinsa, mai ɗan layi, in bar mai alamar tarawa. Daga baya na gane dalili: DVD-R ya riga fitowa, tun 1997, DVD+R kuwa sai 2002, kuma tsofaffin na'urori sun fi sabawa da na farkon. Ya kuma hana ni sayen mai shimfiɗa biyu, mai gigabayit 8.5, duk da shi ne zai ɗauke bikin gaba ɗaya, domin a wajen sauya shimfiɗa irin waɗannan na'urori suka fi tsayawa.

Sannan ya shiga saitin na'urar da rimot, ya sauya tsarin talabijin daga AUTO zuwa PAL. Nan take launi ya dawo a faifan shago. Na yi murna, amma ta taƙaitacciya ce: tsawon fuska da farfashewar suna nan, don su a jikin faifan aka ƙona su.

Aiki na uku

Na koma gida na fara daga tushe. Da farko na bi ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya ta hannun ƙanwata, na roƙe su su sake turo guntayensu a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo ba, ko su ba da wayar a kwafa kai tsaye. WhatsApp na matse bidiyo in an tura shi ta hanyar da aka saba, kuma abin da aka matse sau ɗaya in aka sake matse shi zuwa MPEG-2 sai ya zama dusa. Biyu daga cikinsu iPhone ce da su, wadda tun 2017 take ajiye bidiyo da wani sabon tsari mai suna HEVC. Wannan bai hana komai ba tunda duk juyawa za a yi, illa dai kwamfutar ta daɗe tana nishi a kansu.

Sai yanka. A nan ne na fi daɗewa, kuma a nan na gane aikin ba na kwamfuta ba ne kawai. Na cire jerin motoci, na cire minti goma sha na kyamara tana zagaya kulolin abinci, na rage surutun mai gabatarwa. Amma duk inda kyamara ta bi sahun jama'a a hankali a ƙofar masallaci, ko ta ratsa mata a zaune, ban taɓa ko daƙiƙa ba, ko da ni a ganina ya yi tsawo. Ai abin da ta ce ke nan: wanda ya zo da wanda bai zo ba. Aka tashi da awa biyu da minti arba'in da biyar, na raba faifai biyu. Na farko kamu da ɗaurin aure, minti 85. Na biyu yini da kai amarya, minti 80. Da wannan rabon kowanne ya samu megabit 6, ninki biyu na abin da faifan shago ya samu.

Maganar faɗin hoto ta sa ni tunani. Hanyar da masana suka fi so ita ce a bar hoton da faɗinsa, a sa alama, na'ura ta sa baƙin layi sama da ƙasa. Ba a rasa komai na gefe. Amma a gilashi inci 21 wannan na nufin fuskoki za su ƙara ƙanƙancewa, ga idon da ya riga ya gaji. Na zaɓi in datse gefe da gefe hoton ya cika gilashin, tunda mai kyamara a tsakiya yake ajiye abin da yake nufi. A wurare uku da datsewar za ta fitar da wani daga hoto, na matsar da shi da hannu. Ba zan ba kowa wannan shawarar ba. Don ɗaki ɗaya da ido ɗaya na yi ta, kuma na yi ne da sanin cewa asalin yana nan ban taɓa shi ba. Guntayen da aka ɗauka a tsaye kuwa na bar su a tsakiya da baƙi hagu da dama, ban ja su don su cika ba.

Mai kyamara ya kyauta, a kan hoto 25 ya ɗauka, daidai da PAL. Wayoyin kuwa 30 suke yi, don haka sai an zubar da ɗaya cikin kowane shida, abin da ke sa ɗan tsalle in ana juya waya da sauri. Na gani, Hajiya ba ta gani ba. Murya ce ta fi buƙatar hannu: kiɗan yini na neman fasa lasifika, addu'ar dattawa kuma sai ka kasa kunne. Na sassauta wancan na ɗaga wannan, don kada ta riƙa neman rimot kowane minti biyar.

Da DVDStyler na haɗa faifan, manhaja ce ta kyauta. Na zaɓi PAL, huɗu da uku, murya a tsarin AC-3. Ta ba ni zaɓin shafin farko mai furanni da maɓallai, na ƙi. Na saita faifan ya tashi da kansa da zarar an rufe ƙofa, na sa zango a farkon kowane taro yadda danna maɓalli ɗaya zai tsallaka. Ban buga kai tsaye ba. Na fitar da kwafin faifan gaba ɗaya a fayil guda, wanda ake kira ISO, na duba shi a manhajar kallon bidiyo ta VLC daga farko har ƙarshe, sannan na buga da manhajar ImgBurn a gudu na 6 duk da faifan ya ce zai iya 16, na kuma bar ta ta sake karanta shi ta tabbatar. Ban liƙa takarda a kai ba, domin takarda na sa faifai rangaji a cikin na'ura, zafi kuma na ɗaga ta. Da alƙalami mai taushin baki na rubuta sunan kowanne, da ajami, wanda shi take karantawa. Kafin in hau mota sai da na gwada su a tsofaffin na'urori biyu na maƙwabta.

Ranar da aka kalla, ba a kai minti goma ba ta ce, “Tsayar, tsayar.” Na tsayar. Ta nuna wani tsoho a sahu na biyu, da farin rawani, ta ce ƙanin mijinta ne, rabonta da shi shekara bakwai, ashe ya zo. Ta sa aka mayar baya sau uku.

Gardamar sayen sabuwa

Tun bayan tafiya ta biyu Kawu yake cewa a daina wahala, a saya mata sabon kaya. Niyyarsa mai kyau ce, kuma mun zauna mun auna.

Sabuwar na'urar DVD mai ramin filas ita ce ta fara zuwa bakin kowa. Amma ramin filas na yaudarar mutane. Yawancin irin waɗannan bidiyon da aka matse da tsarin DivX ko Xvid kaɗai suke karantawa, a fayil ɗin AVI da bai wuce girman hoton DVD ba, kuma filas ɗin sai mai tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil da ya haura gigabayit 4. Wato bidiyon waya dai sai an juya shi. Duk mai niyyar saye ya tafi shago da filas ɗinsa da ainihin bidiyonsa, a gwada a gabansa, kada ya tsaya ga abin da aka rubuta a kwali.

Dikoda ta tauraron ɗan'adam mai ramin filas ta fi wannan nisa ba kusa ba. Tunda tashoshi masu kaifin hoto da H.264 suke watsawa, yawancin dikodojin suna karanta MP4 na waya yadda yake, kuma da yawa suna da ramin wayar nan rawaya, za su hau talabijin mai ƙeya. A ganina ita ce mafi arhar gada tsakanin waya da tsohon talabijin, kuma ita na sa a ɗakin mahaifiyarmu. Ga Hajiya kuwa ba ta yi ba, saboda kafin ka kai ga bidiyo sai ka ratsa shafi uku ko huɗu na Turanci da kibiyoyin rimot. Haka talabijin ɗin bango mai karanta filas da kansa, haka akwatin Android. Duk sun fi kaifin hoto, kuma ba ƙaramin fifiko ba: hoton kyamara ɗigo 1920 ne da 1080, ninki biyar cif na abin da faifan PAL ke ɗauka. Amma duk ranar da jikan da ya iya ba ya nan, kallo ya tsaya. Faifai kuwa ta san shi: danna, ɗora, rufe. Tana iya riƙe shi a hannu, ta ajiye shi a ƙarƙashin matashi, ta ba maƙwabciya aro. Blu-ray, faifan da ya fi DVD kaifin hoto, ko tattauna shi ba mu yi ba, tunda ba shi da amfani a gilashin da ba zai nuna bambancin ba. Ƙaramar DVD mai gilashi da batir a jikinta ta ɗan ja hankalina saboda ɗauke wuta, sai dai gilashinta bai fi na babbar waya da yawa ba, mun koma gidan jiya.

Kuɗin da Kawu ya ware sai aka sayi sitabilaiza da shi, domin mai gyara ya ce wuta mai hawa da sauka ta fi tsufa kashe irin waɗannan na'urori, aka kuma ɗinka wa na'urar riga saboda ƙura. Gidan Kawu da ke da talabijin ɗin bango filas muka kai musu da asalin bidiyon, ba a rage masa komai ba. Gwaggo da ke Maraɗi aka aika mata kwafin faifan Hajiya ta hannun direba, ya kuma yi a na'urarta.

Wata huɗu bayan haka faifai na biyu ya fara sarƙewa a wajen kai amarya. Yara sun bar shi a bakin taga, rana ta yi ta dukan rinin, ga zane-zane a bayansa. Ban damu ba, fayil ɗin ISO na nan, cikin kwatan awa na buga wani. Asalin bidiyon kuma, wanda ba a yanka ba ba a matse ba, yana wuri uku: a kwamfutata, a wata ma'ajiya ta waje da ke gidan yayata, da kuma a intanet. Faifan gida abin kallo ne, ban yarda in bar masa amanar ajiya ba.

Da na kai mata sabon, Hajiya ta sa aka jawo mata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta ɗaga turamen zannuwa ta fito da kaset na gaske, baƙi, VHS, an rubuta E-180 a gefensa, takardar jikinsa ta yi ja. Ta ce, “Na bikin uwarku ne. Marigayi yana ciki. Shi ma za ka iya?” Na ɗaga shi a haske, ta ɗan gilashin da ke gabansa na hango fararen ɗige-ɗige a kan naɗin zaren. Na kai wa Baba mai gyara. Ya ce fumfuna ce, kada in kuskura in saka shi a inji haka, zai toshe kan injin, zaren ma na iya tsinkewa. Sai an buɗe shi an goge a hankali, sannan a samu inji mai lafiya, wanda shi ma ya zama abin nema tunda Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera su, ya daina a watan Yulin 2016. Ya ce akwai wani abokin sana'arsa a Kano da har yanzu yake da guda biyu masu aiki da abin ɗaukar hoto zuwa kwamfuta, ya kwatanta mini rumfarsa. Kaset ɗin yana wajena a cikin kwali, nesa da lasifika da rana. Ranar Asabar zan kai shi, kuma na riga na faɗa wa mutumin a waya cewa fayil nake so ya fara ba ni, faifan ni zan buga.